Daga makamin Atlas zuwa ƙarƙashin mota

Notin da ke riƙe sifirin ɗin mota kullum cikin ruwa da laka yake, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci kauri, shi ya sa yake cijewa. Man WD-40 da kanikawa ke fesa masa ba domin kwance noti aka ƙirƙiro shi ba. A 1953 kamfanin Rocket Chemical na San Diego a Amurka ya haɗa shi don korar danshi, kamfanin Convair kuma ya riƙa shafe jikin makamin Atlas mai linzami da shi. Sai a 1958 ya shiga kantuna. Asalinsa rigakafin tsatsa ne, saboda haka notin da ya shekara goma a cije yakan jira wutar gas, wadda ke buɗa ƙarfen ta farfasa tsatsar.