Jiragen Amurka da Suka Bi Sawun Alhazai Zuwa Hartum

Duk wanda ya zauna gaban dattawanmu a Umdurman ya ji sunayen zangunan nan har ya haddace su: Kano, Maiduguri, Fort Lami, Janaina, Fashir, sannan bakin Nilu. Ita ce hanyar da kakanninmu suka tako a ƙasa, da jakuna da raƙuma, suna nufin Sawakin da Makka, wasu su shekara bakwai ba su isa ba, wasu su kafa gida a nan. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu wannan hanya ta zama ta jiragen yaƙi, har wani rukunin mayaƙan saman Amurka ya bi ta zango bayan zango.

Asalin lamarin ya girmi yaƙin. A 1925 jirage 3 na sojan saman Ingila suka tashi daga Masar, suka ratsa Sudan, suka sauka Kano a watan Nuwamba. Su ne jiragen farko da Kanawa suka gani, kuma jagoransu wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano.

Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, Bahar Rum ta zama wurin haɗari ga jiragen ruwan Ingila, kewayawa ta kudancin Afirka kuwa tana cin makonni masu yawa. Sai aka koma kawo jiragen sama cikin akwatuna zuwa tashar Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a haɗa su, a tashe su zuwa Alƙahira. Da wuya hakan ya yiwu in ba don gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle a Agustan 1940 ba, domin da haka ne aka sami sauka a Fort Lami, wadda ake kira Njamena yanzu. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi hanyar. Tun 1941 kamfanin Pan American na Amurka ya shiga aikin gyara filaye da jigila, filin Wadi Sayyidna da ke arewa da Umdurman, kusa da Karari, ya zama babban zango.

A Yunin 1942 garin Tubruk ya faɗa hannun Janar Rommel na Jamus, rundunarsa ta matso Alamain, kimanin kilomita 100 daga Iskandariya. Masar na gab da kuɓucewa, wanda ya riƙe Masar kuwa ya riƙe mashigar Suwais da ƙofar Sudan. A wannan hali ne Amurka ta aiko Rukuni na 57 na jiragen farauta, mai ɓangarori uku: na 64, na 65 da na 66. Aka loda jiragensu 72 samfurin P-40 a kan jirgin ruwa mai ɗaukar jirage, USS Ranger. Ranar 19 ga Yuli 1942, suna daura da gaɓar Gana, matuƙan suka tashi daga bisa jirgin ruwan suka sauka Akra. Daga nan suka kama hanyar gabas ta Najeriya da Cadi da Darfur, suka iso Hartum, suka bi Nilu zuwa Masar, suka wuce Falasɗinu domin horo.

Tafiyar ba wasa ba ce. P-40 jirgi ne mai inji ɗaya da mutum ɗaya, ba a ƙera shi don dogon zango ba. Al'adar hanyar ita ce a tafi ƙungiya-ƙungiya, babban jirgi mai masanin hanya yana gaba, ƙanana na biye, kamar madugu da ayarinsa. Guguwar ƙura da muke kira habub tana rufe ido, yashi yana cin inji, wanda ya ɓace tsakanin Janaina da Fashir kuwa ƙishirwar da ta kashe alhazai ita ke jiransa.

A fagen fama rukunin ya yi aiki tare da rundunar saman hamada ta Ingila, wadda kwamandanta a lokacin shi ne Coningham ɗin nan da ya sauka Kano shekara 17 baya. Sun yi yaƙin Alamain da ya soma ranar 23 ga Oktoba 1942, suka bi Jamusawa ta Libiya har Tunisiya. Ranar da ta fi shahara a tarihinsu ita ce 18 ga Afrilu 1943, lokacin da suka afka wa ayarin jiragen dakon kaya na Jamus samfurin Ju 52 kusa da tsinin Kaf Bon, aka lissafa musu kakkaɓo sama da 50. Daga baya suka haye Sisiliya da Italiya, suka sauya zuwa P-47, a 1944 kuma daga tsibirin Korsika suka riƙa farfasa gadoji da layin dogo don yanke wa Jamusawa guzuri.

Mene ne namu a ciki? Littattafan Turawa sun adana sunayen matuƙa da lambobin jirage. Hannayen da suka share filaye, suka mirgina gangunan mai, suka ɗebo ruwa daga Kano har bakin Nilu na mutanen ƙasa ne, kuma hanyar kanta ƙafafun alhazai da fatake da muhajiran da suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 sun daɗe da saninta. A Afrilun 2023 mun ga jiragen ƙasashen Turai sun sake sauka Wadi Sayyidna suna kwashe mutanensu, mu muka tsaya. Janaina da Fashir kuwa kowa ya ji abin da ya same su. Yaƙi yana cin takardu, mutuwa tana ɗauke dattawa. Don haka duk mai tsoho a gida, ko a inda gudun hijira ya kai shi, ya zauna gabansa ya rubuta zangunan da iyayensa suka bi da shekarar da suka iso, domin 'ya'yanmu su san cewa ba jiya muka zo ba. Allah Ya jiƙan magabata, Ya zaunar da Sudan lafiya.