Daga Idon Ɗan Sanda Zuwa Ma'aunin Numfashi: Tarihin Yaƙi da Tuƙi Cikin Maye

Abin da ya fi ci wa hukumomi tuwo a ƙwarya a farkon zamanin mota shi ne yadda za a tabbatar wa alƙali cewa direba a buge yake. Jihar New York ta Amurka ta haramta tuƙi cikin maye tun a 1910, amma dokar ba ta fayyace inda maye ya fara ba, saboda haka hujjar ɗan sanda ba ta wuce warin baki da tangaɗi da harɗewar harshe ba. Gogaggen mashayi kuwa, wanda jikinsa ya saba, yakan tsaya kyam a gaban hukuma alhali hankalinsa da saurin hannunsa sun riga sun raunana, ta yadda wanda ya fi kowa haɗari shi ya fi kowa kuɓuta.

Masana ilimin sinadarai ne suka warware wannan ƙulli. A 1932 Erik Widmark, ɗan ƙasar Suwidin, ya wallafa lissafin da ke danganta yawan abin da mutum ya sha da nauyin jikinsa da adadin barasar da ke yawo a jininsa, kuma a 1936 Norwe ta zama ƙasa ta farko da ta yanke iyaka da alƙalami, wato kashi 0.05 cikin 100. Da yake ɗibar jini a bakin titi abu ne mai wuya, sai aka koma ga numfashi, tun da wani ɓangare na barasar da ke cikin jini yana fita ta huhu. Robert Borkenstein, wanda ya yi aiki da 'yan sandan Indiyana, ya ƙera na'urar Breathalyzer a 1954, sannan binciken da ya jagoranta a garin Grand Rapids a 1964 ya nuna cewa haɗarin karo yana hauhawa sosai idan ma'auni ya kai 0.08. Birtaniya ta ɗauki wannan iyaka a 1967 ƙarƙashin ministar sufuri Barbara Castle, wadda ta sha zagi da barazana daga mashaya saboda haka.

Sai dai ma'auni kamawa yake yi, ba ya warkarwa. Jarabar barasa, wato halin da jiki da ƙwaƙwalwa suke dogara da ita har mutum ya kasa dainawa ko da yana ganin ɓarnar da take yi masa, tana da nata tarihin da ya daɗe yana tafiya nesa da kotu. Likitan Suwidin Magnus Huss ya bayyana ta a matsayin cuta a 1849, kuma a 1935 Bill Wilson da likita Bob Smith suka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous a garin Akron, inda mashaya suke haɗuwa suna ƙarfafa wa juna guiwa ba tare da bayyana cikakken suna ba. Magunguna sun biyo baya: disulfiram, wanda aka gano amfaninsa a Denmak a 1948, yana sa mai shan barasa tashin zuciya mai tsanani, shi kuma naltrexone, wanda Amurka ta amince da shi domin wannan cuta a 1994, yana rage kwaɗayinta.

Abin takaici, sai da aka yi asarar rayuka masu yawa kafin hanyoyin biyu su haɗu. Direban da ya kashe 'yar Candy Lightner mai shekara 13 a Kalifoniya a 1980 an sha kama shi da laifin tuƙi cikin maye, kuma duk hukuncin da aka yi masa a baya bai raba shi da kwalba ba. Ƙungiyar iyaye mata ta MADD da mahaifiyar ta kafa ta matsa lamba har Amurka ta mayar da shekarun sayen barasa 21 a 1984, ta kuma tilasta wa jihohi iyakar 0.08 a 2000. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka fara buɗe kotuna na musamman waɗanda suke haɗa hukunci da jinya da gwaji a kai a kai ga masu maimaita laifin. Wannan ita ce hanyar da ta dace, domin tara da ƙwace lasisi suna iya tsorata mai sha jefi-jefi, amma wanda jaraba ta kama yana buƙatar likita kamar yadda yake buƙatar alƙali.