Darussa huɗu na rubutun fim daga "Batman v Superman"

Masu son rubuta labarin fim suna yawan tambaya ta wane fim ya kamata su kalla su koya. Amsata kan ba su mamaki: ku kalli wanda aka ɓata. Misalin da na fi kawowa shi ne "Batman v Superman: Dawn of Justice" na 2016, wanda Zack Snyder ya ba da umarni, Chris Terrio da David S. Goyer suka rubuta. Ga kuɗi, ga Ben Affleck da Henry Cavill, ya kuma tara sama da dala miliyan 870, amma a 2017 shi ya karɓi kyautar Razzie ta labari mafi muni.

1. Rigimar da magana ɗaya za ta kashe ba rigima ba ce

Lex Luthor ya sace mahaifiyar Superman, ya ce sai ya kashe Batman zai sake ta. Da Superman ya tsaya ya faɗi haka ɓaro-ɓaro, da faɗan bai yiwu ba. Idan ɗan kallo ya fara cewa "to ka faɗa masa mana!", marubuci ya riga ya faɗi. Mu ma a Kannywood mun san wannan ciwo: miji ya saki matarsa kan zargin da tambaya ɗaya za ta warware.

2. Zuciya ba ta juyawa a minti ɗaya

Batman ya ɗaga mashi zai soke Superman, sai ya ji sunan Martha, wanda sunan mahaifiyarsa ne shi ma. Nan take gabar kusan shekara biyu ta narke. Dabarar ba laifi, amma ba a shuka shakku a ransa tun farko ba, shi ya sa abin da ya kamata ya sa hawaye ya koma abin dariya.

3. Bos ya san abin da yake so

Tambayi mutum uku me Lex yake nema, za ka ji amsa uku. In ba ka iya faɗin burin mugunka a jimla ɗaya ba, kar ka kira darakta tukuna.

4. Kar ka yi tallan fim na gaba a cikin wannan

Ana dab da babban faɗa, sai aka tsayar da labari Wonder Woman tana kallon bidiyon Flash da Aquaman da Cyborg a kwamfuta. Wanda ya biya kuɗinsa fim ɗin yau ya zo gani.

In muka kawo shi gida fa?

Ba sai mun aro jarumi daga Amurka ba. Ga Dutsen Dala nan a cikin birni. Tarihin Kano ya ce Barbushe, mai kula da Tsumburbura, yakan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Marubuci mai garaje zai cika fim da wannan ƙarfin. Amma labarin yana wani wuri: Barbushe ya faɗa wa mutanensa cewa wani zai zo da runduna ya mallake ƙasarsu, sai ga Bagauda, wanda ake lissafa sarautarsa daga 999. Mutumin da ya fi ƙarfin giwa, ya hango ƙarshen duniyarsa, kuma sandarsa ba za ta hana ba. Me zai yi? Ya ɓoye musu, ko ya shirya su?

Wanda ya amsa wannan a takarda ya samu fim, ko da babu kuɗin haɗa giwa a kwamfuta. Kafin ka rubuta fitowa ta farko, rubuta abin da jaruminka yake tsoron rasawa.