Tarihin Inshorar Noma da Kasadar Damina a Ƙasar Kano

Inshorar noma yarjejeniya ce da manomi ke biyan wani abu kaɗan kafin shuka, domin a ba shi diyya idan fari, ambaliya ko ƙwari suka kashe gona. A Rimin Gado, yamma da birnin Kano kan hanyar Gwarzo, inda gona ke manne da gona kuma ba a cika barin saura ba, abincin shekara ya rataya ne a kan damina guda ta kusan wata huɗu.

Tun kafin zuwan takarda, manoman yankin suna da nasu dabarun. Ana haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya: gero ya nuna da wuri ya kori yunwar tsakiyar damina, dawa ta jira kaka, in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi. Wasu kan yi binne tun ruwa bai sauka ba. Sai rumbu, wanda maigida mai hankali ba ya taɓa na ajiya sai ya ga kan sabon hatsi. Tunkiya da akuya ma asusu ne, cin rani kuma mafita. Wanda duk waɗannan suka ƙare masa yakan ci bashin dami a damina ya biya da ƙari a kaka. Wannan tsari yana jure shekara ɗaya mara kyau, amma yunwar 1913 zuwa 1914 da farin 1972 zuwa 1974 sun fi ƙarfinsa, don a lokacin maƙwabcin da za a roƙa shi ma rumbunsa wayam.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta shigo da sabuwar kasada, wato ta farashi. Hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949 takan yanke farashi kafin a fara awo. Manomi ya san abin da zai samu, sai dai sau da yawa kuɗin bai kai na kasuwar duniya ba, rarar kuma ta tafi baitulmali. An rushe irin waɗannan hukumomi a 1986.

A 1987 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin inshorar noma, dokar soja ta 1993 kuma ta kafa hukumar inshorar noma ta NAIC, gwamnati na ɗaukar rabin kuɗin inshorar amfanin gona. A aikace, yawancin ƙananan manoma ta hanyar rance suka gamu da ita, kamar a shirin Anchor Borrowers da aka buɗe a Kebbi a 2015. Akan cire kuɗin inshorar daga cikin bashin tun kafin taki ya iso hannu, shi ya sa da yawa suke mata kallon haraji. Ba su yi kuskure sosai ba, domin banki ta fi karewa.

A Amurka kuwa, kamfanonin makamashi sun fara cinikin kasadar yanayi a 1997, kasuwar Chicago ta shigar da shi a 1999. A nan ba a zuwa duba asara. Ma'aunin zafi ko na ruwan sama ne alƙali. Dabarar ta isa ga manoman Indiya a 2003. Tarayyar Afirka ta kafa hukumar inshorar fari ta ARC a 2012, kuma bayan ƙarancin ruwan 2014 ta biya Nijar da Senegal da Muritaniya kimanin dala miliyan 26.

Abu biyu ke yi wa wannan tsari tarnaƙi a ƙasar Kano. Na farko shari'a: malamai da dama na ganin garari, wato rashin tabbas, a inshorar zamani, ko da yake fiƙihu ya halatta cinikin salam, inda ake biyan kuɗi yanzu a karɓi hatsi a kaka. Don haka hukumar kula da inshora ta NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci, a 2013. Na biyu halin ruwan kansa. A Rimin Gado, hadari kan zuba a Gulu ya tsallake Butu-Butu, tauraron ɗan'adam ya rubuta cewa yankin ya samu ruwa, mai gonar da gero ya ƙone masa kuma bai cancanci ko kwabo ba.