Maganin Ɗigawa da Hawan Jinin Ido: Waiwaye Daga Challawa

Bahaushe ya daɗe da sanin cututtukan ido, har ya ba kowace sunanta, kamar yana da hakiya da amodari da dundumi. Amma akwai wata wadda sunanta sabo ne, watau hawan jinin ido. A gaskiya ba jini ne ke hawa ba, ruwan cikin ido ne ke taruwa ya matse jijiyar gani har ta mutu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Nufina a nan in bi tarihin wani magani da ke iya jawo wannan cuta ko ya tsananta ta.

A shekarar 1948 aka fara gwada maganin kotizon a kan masu ciwon gaɓoɓi a Amurka. Ba da jimawa ba aka shiga ɗiga danginsa, watau sitiroyid, a ido, domin suna kawar da ja da ƙaiƙayi nan da nan. A 1963 likitoci biyu, Armaly da Becker, suka nuna cewa in aka yi makonni ana ɗigawa, wajen mutum 1 cikin 3 matsin idonsa zai hau. Masu cutar tun asali kuwa, mafi yawansu abin yakan ƙaru.

To, ina ruwan Challawa da wannan? Bayan Bompai, wadda ita ce ta fari, an buɗe unguwannin masana'antu a Sharaɗa da Challawa, inda jima ta tashi daga toka da bagaruwa ta koma ga sinadarai masu ƙarfi. Lebura mai wuni cikin tururinsu da ƙurar hunturu ba ya rasa jan ido. Ga kuma afolo, wanda ya ɓulla a Gana a 1969 ya bazu Afirka ta Yamma. Ko da yake asibitin ido na Mishan yana Kano tun 1943, zuwa can asarar kuɗin yini ne, kemis kuwa yana bakin hanya. Mai kemis ba ya auna matsin ido. Ido ya yi fari, mai shi ya yi murna, ya sake sayen kwalba, alhali gani na zurarewa daga gefe.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 5 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama suna da cutar, kuma waɗanda suka san suna da ita ba su kai kashi 6 cikin 100 ba. Ke nan yawancin waɗanda ɗigon zai fi cutarwa ba su san kansu ba.

Hukuma ta motsa. An kafa NAFDAC a 1993, a 2024 kuma aka tashi 'yan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro. A ganina wannan bai isa ba, domin maganin na iya zama ingantacce amma a ba wanda bai dace ba. Ko timolol, da ake rage matsin ido da shi tun 1978, haɗari ne ga mai asma.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, mu gaya wa iyayenmu da yayyenmu ma'aikata kada su ɗiga irin wannan magani sai an auna idonsu. Ido ba abin gwaji ba ne. Allah ya kiyashe mu.