Daga Ƙugiya zuwa Likkafani: Nazarin Kayan Aiki da Fasahar Mutanen Chinchorro

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin kayan aikin mutanen Chinchorro, masunta da suka zauna a gaɓar tekun Fasifik, tsakanin arewacin Chile da kudancin Peru, daga wajen shekara ta 7000 zuwa ta 1500 kafin Miladiyya. An dogara ga abubuwan da aka tono a Arica da Camarones. Maƙalar na da ra'ayin cewa fasaharsu ta adana gawa, wadda ta sa suka yi suna, ta tsiro ne daga sana'ar su.

Gabatarwa

Hamadar Atacama tana cikin wurare mafi bushewa a duniya, amma tekun da ke gefenta cike yake da kifi, saboda igiyar ruwa mai sanyi ta Humboldt. Mutanen Chinchorro sun zauna a bakin ƙoramun da ke gangarowa daga tsaunukan Andes, inda ruwan sha da abincin teku suka haɗu. Ba su san tukwane ba, ba su san ƙira ba, noma kuma bai zama abin dogaronsu ba. Wani Bajamushe mai suna Max Uhle ne ya fara bayyana gawarwakinsu a farkon ƙarni na 20. A shekarar 1983 masu haƙa ramin bututun ruwa a gindin dutsen Morro na Arica suka ci karo da maƙabartar da aka fitar da gawa 96 daga cikinta.

Kayan Su

Ƙugiya ce ginshiƙin rayuwarsu. Iri na farko ana sassaƙa ta daga ƙwanson ƙumba: a yanko faifai, a huda tsakiyarsa, a yi ta gogawa da dutse har ya lanƙwashe da tsini. Ƙyallin cikin ƙwanson yana taimakawa wajen jawo kifi. Yawan irin wannan ƙugiya a jujin wani wuri mai suna Quiani shi ya sa wani mai bincike, Junius Bird, a shekarun 1940, ya sa wa zamanin sunanta. Iri na biyu ƙayar kaktus ce da ake tanƙwarawa. Na uku kuwa haɗi ne, inda ake ɗaura tsinin ƙashi a jikin dogon dutse ko ƙashi mai nauyi.

Domin manyan kifaye da zakin teku, sukan yi amfani da hargi wanda kansa ke cirewa ya maƙale a jikin dabba, igiya na hannun maharbi. Akwai kuma sandar cilla mashi da ke ƙara wa jifa nisa. Haƙarƙarin zakin teku shi ne abin ɓamɓare ƙumba daga jikin duwatsu, a zuba a jakar raga ta zaren tsirrai. Ƙasusuwan mutanen sun tabbatar da wannan aiki: a kunnuwan maza da dama an ga tsiron ƙashi, irin wanda yawan nutso a ruwan sanyi ke haddasawa.

Fasahar Adana Gawa

Gawar da ta fi daɗewa cikin waɗanda aka sarrafa da hannu ta wani yaro ce daga Camarones, wajen shekara ta 5050 kafin Miladiyya, kimanin shekara 2,000 kafin Masarawa su kama wannan aiki. Bernardo Arriaza na Jami'ar Tarapacá ya karkasa gawarwakin, manyan rukunan su ne baƙaƙe da jajaye.

A baƙar gawa, ana raba gaɓoɓi da wuƙar dutse, a cire nama da kayan ciki, a busar da ƙashi. Sai a kafa sanduna a jikin ƙafafu da kashin baya, a naɗe da igiyar ciyawar totora, a cike da yumɓu da toka, a mayar da fata. Inda fatar ta gaza a yi mata ƙari da ta zakin teku, sannan a shafe jiki da baƙin manganis. A jar gawa, wadda ta biyo baya, tsagawa ake yi a fitar da kayan ciki, a cusa ƙasa da gashin tsuntsu, a ɗinke, a sa dogon gashin kai, a shafa jar ƙasa.

Tattaunawa

Idan aka jera matakan nan, za a ga babu wanda ke buƙatar kayan da masunci ba shi da su. Fiɗa ita ce ta zakin teku, ɗauri shi ne na kan hargi, igiyar ita ce ta fatsa, tabarmar totora da ake naɗe mamaci kuwa ita ce ta amfanin gida. Wanda ya saba feɗe dabbar teku ya san yadda gaɓa ke haɗuwa da gaɓa. Haka kuma wadatar teku ta ba su zama wuri ɗaya da sararin yin aiki mai cin lokaci, har ga jarirai da 'yan tayi.

Kammalawa

Binciken ya nuna cewa ƙarancin nau'in kayan aiki ba ya nufin ƙarancin fasaha. Ƙwarewar Chinchorro tana cikin sanin halin ƙwanso, ƙaya, zare da fata, da iya juya su daga wata buƙata zuwa wata. A shekarar 2021 hukumar UNESCO ta sa matsugunansu da maƙabartunsu cikin kayan tarihin duniya. Nazarin alamun gogayya a bakin wuƙaƙen da aka samu a maƙabartu, a kwatanta da na juji, shi zai gwada ƙarfin wannan ra'ayi.