Gwamna a Gefe, Majalisa a Gefe: Wata Ashirin na Mulkin Marasa Rinjaye a Tsohuwar Jihar Kaduna

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Fagge ya san cewa siyasar unguwar nan ba ta jiran lokacin zaɓe. Ana yin ta a teburin mai shayi, da bakin shagon tela, da dakalin ƙofar gida bayan sallar isha'i. Wanda kuma ya ɗan taka zuwa Sabon Gari ya isa inda aka aza harsashinta, domin a can ne, a gidan Bello Ijumu, ranar 8 ga Agusta, 1950, mutum takwas suka kafa jam'iyyar NEPU. Cikinsu akwai Abba Maikwaru da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Daga bisani Malam Aminu Kano ya zama jagoranta.

NEPU ta ƙare rayuwarta tana adawa. 'Yan kujeru ƙalilan ta taɓa samu a Majalisar Jihar Arewa da ke zama a zauren Lugard a Kaduna, har sojoji suka soke jam'iyyu a 1966. Magajiyarta, PRP, ita ce ta ɗanɗana mulki a 1979, lokacin da ta ci kujerar gwamna a jihohin Kano da Kaduna. Wannan maƙala za ta dubi abin da ya faru a Kaduna, inda mabuɗin PRP ya buɗe gidan gwamnati amma ya kasa buɗe majalisa.

Mako Ɗaya, Hukunci Biyu

Zaɓen 1979 daki-daki aka yi shi. Ranar 21 ga Yuli aka zaɓi 'yan majalisun jihohi, ranar 28 ga watan kuma aka zaɓi gwamnoni. A Kano hukuncin ranakun biyu ya zo ɗaya: Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna, jam'iyyarsa kuma ta kwashe fiye da kujeru 120 cikin 138 na majalisa. A Jihar Kaduna kuwa, wadda a lokacin ta haɗa lardunan Katsina da Zazzau, sai labari ya sha bamban.

Majalisar jihar tana da kujeru 99. NPN ta samu 64, PRP 16, GNPP 10, NPP 6, UPN kuma 3. Bayan kwana bakwai rak, masu jefa ƙuri'ar nan dai suka juya wa ɗan takarar NPN, Alhaji Lawal Kaita, baya, suka zaɓi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, akanta ɗan garin Ƙaya, wanda magoya bayan ƙananan jam'iyyu suka karkata gare shi. Ke nan ranar 1 ga Oktoba, 1979, aka rantsar da gwamnan da jam'iyyarsa ba ta da ko kashi ɗaya cikin biyar na majalisa. Kujerar kakaki ta faɗa hannun Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa na NPN. Kowane ɓangare yana riƙe da shaidar cewa jama'a ce ta aiko shi, kuma babu wanda ya yi ƙarya.

Gwamnati Babu Kwamishina

Balarabe bai tsaya lallashi ba. Tun farkon hawansa ya soke haraji da jangali, kamar yadda Rimi ya yi a Kano. Wannan tsohon buri ne na 'yan Sawaba, domin ta hanyar kuɗin nan biyu ne talaka ya fi jin nauyin dagaci da hakimi. Ga manomi da makiyayi, an sauke musu kaya. Ga masu rinjaye a majalisa, waɗanda jam'iyyarsu ke da jijiya a cikin masarautu da gidajen attajirai, an taɓa tushen tsarin da suka tsaya a kansa, ba tare da an nemi shawararsu ba.

Tsarin mulkin 1979 ya ba majalisa makami mai kaifi: gwamna ba ya naɗa kwamishina sai da amincewarta. Gwamna ya aika da sunaye, majalisa ta yi watsi da su. Ya sake aikawa, ta sake mayar masa. NPN tana ganin mai kujeru 64 ya cancanci kaso a majalisar zartarwa. Balarabe kuma yana ganin shigar da su daidai yake da ba kura ajiyar nama, domin manufar da aka zaɓe shi a kanta ita ce rushe abin da suke karewa. Haka aka yi ta jan igiya, har ya bar mulki bai taɓa zama da kwamishina ko ɗaya ba. Da manyan sakatarori da mashawarta ya tafiyar da jiha, ciki har da masanin tarihi Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya riƙe muƙamin sakataren gwamnati.

Wata ɓarakar kuma ta kunno kai daga cikin gida. PRP ta dare biyu: 'yan taɓo suka tsaya tare da Malam Aminu Kano, 'yan santsi kuma suka bi gwamnonin biyu. Tsamar nan ta raba abokai a Fagge da Sabon Gari, ta kuma raunana gwamnan da dama can ba shi da mataimaka da yawa a zauren Lugard. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sashe na 170 na tsarin mulkin ya tanadi cewa kashi biyu cikin uku na majalisa, wato mutum 66 a nan, suna iya tsige gwamna bayan kwamitin mutum bakwai ya bincike shi. Kakakin majalisa ne ke naɗa kwamitin, sashen kuma ya hana kotu sa baki. Tun ranar farko ƙuri'a biyu kawai suka raba NPN da wannan adadi. Kafin tsakiyar 1981 an cika shi, kuma ranar 23 ga Yuni aka tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da aka yi wa haka a tarihin Nijeriya. Ya garzaya kotu, kotu ta ce hannunta a ɗaure yake. Mataimakinsa, Alhaji Abba Musa Rimi, ya gaje shi.

Yadda Wasu Suka Yi da Irin Wannan Ƙulli

Ba Balarabe kaɗai ya wayi gari babu rinjaye a shekarar ba. A Legas, NPN ta Shugaba Shehu Shagari tana da kujeru 168 ne cikin 449 na Majalisar Wakilai, da 36 cikin 95 na Majalisar Dattawa. Shagari ya ƙulla yarjejeniya da NPP, ya ba ta ministoci, aka kuma bar mata kujerar kakakin wakilai. Ƙawancen ya watse a 1981, amma ya ishe shi kafa gwamnati.

A Kanada ma haka aka yi. Zaɓen 22 ga Mayu, 1979, ya ba jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Joe Clark kujeru 136 cikin 282, wato shida suka rage mata ta samu rinjaye. Jam'iyyar Libaral ta Pierre Trudeau ta samu 114, NDP 26, wata ƙaramar jam'iyya kuma 6. Majalisar ta fara zama ranar 9 ga Oktoba, kwana takwas bayan rantsar da Balarabe. Clark ya zaɓi ya yi mulki tamkar mai rinjaye, bai nemi ƙawance da kowa ba. Ranar 13 ga Disamba aka kayar da gwamnatinsa a kan kasafin kuɗin da ya ƙara harajin man fetur, da ƙuri'a 139 a kan 133. Washegari aka rushe majalisar, kuma a zaɓen 18 ga Fabrairu, 1980, Trudeau ya dawo da rinjaye.

Halin Clark da na Balarabe sun yi kama, amma ƙofar fitarsu ta bambanta. Tsarin firaminista, irin wanda Nijeriya ta bi a Jamhuriya ta Farko, yana mayar da rigimar ga masu ƙuri'a su yanke. Tsarin shugaban ƙasa da muka aro daga Amurka ya ɗaure gwamna da majalisa wuri ɗaya har shekara huɗu. Idan sun kasa jituwa, babu abin da ya rage sai tsigewa, ita kuwa an tanade ta ne domin babban laifi. Saboda haka saɓanin aƙida ya sa rigar tuhuma, mutanen Katsina da Zazzau kuma ba a sake tambayar su ba.

Kammalawa

Har ya rasu a Nuwamba 2020, ana girmama Balarabe Musa a matsayin mutumin da bai sayar da aƙidarsa ba, kuma ya cancanci wannan yabo. Sai dai tarihi yana da wata tambayar: me talakan da ya zaɓe shi ya samu a shekara biyu da 'yan watannin da suka rage na wa'adinsa? Majalisar ma ba ta tsira ba, domin ta nuna wa na baya cewa yawan hannu yana iya kwance abin da akwatin zaɓe ya ƙulla. Masu tsara kundin 1999 sun ɗauki darasi ɗaya aƙalla, suka karɓe naɗin kwamitin bincike daga hannun kakaki suka miƙa wa alƙalin alƙalan jiha.

Ita kanta Jamhuriya ta Biyu ba ta yi nisan kwana ba. Malam Aminu ya rasu a Afrilu 1983, gwamnatin Sabo Bakin Zuwo a Kano ta yi wata uku kacal, sojoji suka kawar da komai ranar 31 ga Disamba. Abin da ya rage ga jikokin waɗanda suka taru a Sabon Gari shi ne su tuna cewa NEPU ta koyar da yadda ake cewa a'a ga mai mulki, amma zauren Lugard ya nuna cewa wanda ya karɓi mulki sai ya iya ƙirga kujeru, ya kuma san abin da zai iya bayarwa ba tare da ya ba da kansa ba. A yau ma ƙuri'ar ɗan majalisar jiha ita ce wadda aka fi jefawa da ka, alhali a 1981 ita ce ta yanke hukunci a kan ta gwamna.